Zaluncin duniya ya fi ƙarfina, ta ina zan kama?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina ayyukan taimako da kare haƙƙin marasa ƙarfi saboda Allah. Amma yanzu idan na buɗe waya na ga Gaza, na ga Sudan, ga yunwa, ga 'yan gudun hijira, ga zaluncin masu mulki, sai jikina ya mutu. Abin da nake yi ina ganinsa kamar ba komai ba. In na huta sai in ji na ci amana, in na ci gaba kuma ba na ganin wani canji. Har na fara jin haushin mutanen da ke harkokinsu hankali kwance. Raunin imani ne wannan? Kuma ta ina zan kama?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah Ya saka miki da alheri, Ya kuma sanyaya miki zuciya. Ba raunin imani ba ne. Wanda imaninsa ya yi rauni ba ya kwana da damuwar yaron da bai taɓa gani ba. Sai dai kuma kada ki ɗauki wannan ƙuncin a matsayin ibadar da za ki riƙa renonta. Allah Ya ja hankalin Manzonsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan irinsa fiye da sau ɗaya: a Suratul Kahfi aya ta 6, da Shu'ara aya ta 3, Ya ce masa kamar zai halaka kansa don baƙin cikin mutanensa, a Faɗir aya ta 8 kuma Ya ce kada ransa ya tafi saboda takaicinsu. Maganar a can ta shiriya ce, ba ta yaƙi ko yunwa ba, amma hukuncin ɗaya ne. Mai kira zuwa ga alheri ba a yarje masa ya cinye kansa da damuwar abin da ba ya hannunsa ba.

A ganina matsalarki ɗaya ce, sauran rassanta ne. Kin haɗa lissafi biyu wuri guda: abin da aka ɗora miki, da abin da Allah Ya riƙe wa kansa. Aiki naki ne, za a kuma tambaye ki a kansa. Sakamako ba naki ba ne. Duba labarin mutanen Asabar a Suratul A'araf. Gari ne a bakin teku, wasu suna keta dokar Allah, wasu suna hana su, sai kashi na uku suka ce wa masu hanin: me ya sa kuke wa'azi ga mutanen da Allah zai halaka ko Ya azabtar? Tambayarki ce wannan, kalmomin kawai suka bambanta. Amsar da suka bayar a aya ta 164 ita ce: don mu sami uzuri wurin Ubangijinku, kuma wataƙila su ji tsoron Allah. Uzurin suka fara kawowa, saboda shi ne tabbas. Gyaruwar mutanen kuwa sun bar ta a "wataƙila", ba su yanke ƙauna ba, ba su kuma jingina aikinsu a kanta ba. Aya ta gaba ta ce waɗanda suka yi hanin su aka tserar. Garin bai gyaru ba, amma ba a rubuta su cikin waɗanda suka faɗi ba. A hadisin Ibn Abbas da ke Bukhari da Muslim, an nuna wa Annabi al'ummomi, ya ga annabi tare da mutum ɗaya ko biyu, ya ga annabin da babu kowa tare da shi. Babu mai cewa wannan annabin bai sauke nauyinsa ba.

Nan fa sai an yi hattara, domin wannan maganar ita ce malalaci ke fakewa da ita. Za ki ji ana cewa "ai ƙaddara ce", "ai zamani ne ya zo ƙarshe", a naɗe hannu. Ba haka magabata suka fahimta ba. Da fari ya auka wa Hijaz a shekara ta 18 bayan Hijira, wadda ake kira Shekarar Toka, Sayyidina Umar ya yi roƙon ruwa, amma bai tsaya nan ba. Ya rubuta wa gwamnoninsa na larduna, irin su Sham, su aiko da abinci, ya tsara yadda za a ciyar da ƙauyawan da suka yi sansani a kewayen Madina, ya dakatar da haddin sata saboda yunwa. Tawakkalinsa bai hana shi tsari ba. Sallama sakamako ga Allah yana zuwa ne bayan an yi aikin da kyau, an kuma duba ko yana amfani.

Sai batun waya, wanda na ga shi ne mafarin tambayarki. Hadisin Abu Sa'id al-Khudri a Sahihu Muslim kowa ya haddace shi: wanda ya ga abin ƙi ya canza shi da hannunsa, in ba zai iya ba da harshensa, in ba zai iya ba da zuciyarsa. An gina shi a kan gani da iko. A mafi yawan tarihin ɗan Adam waɗannan biyun tare suke tafiya, abin da idonka ya gani yawanci ƙafarka za ta iya kai ka wurinsa. Yanzu ido ya yi wa hannu nisa. Kafin ki idar da azkar ɗin safe kin ga gawarwaki a nahiyoyi uku, hannunki kuwa tsawonsa bai ƙaru ba. Shari'a ba ta ɗora miki gwargwadon abin da kika gani ba, ta ɗora miki gwargwadon abin da za ki iya, kamar yadda ƙarshen Baƙara ya faɗa.

Kuma abin da wayar ke nuna miki ba shi ne dukan hoton ba. Labari yana son abin da ya faru farat ɗaya, bam ya tashi, gini ya rufta. Alherin da ke tafiya a hankali ba shi da ranar da za a ɗauke shi hoto. A 1990 yara sama da miliyan 12 suka mutu a duniya kafin su cika shekara biyar. A 2022 adadin ya sauko ƙasa da miliyan 5, alhali jama'ar duniya ƙaruwa suka yi. Kurkunu yana kama mutane kusan miliyan uku da rabi a shekara a 1986, yau waɗanda ke kamuwa da shi a duk duniya ba su kai 20 a shekara ba, ba tare da allurar rigakafi ko magani ba, sai tace ruwa da bin ƙauye ƙauye ana wayar da kai. Ba don in ce miki duniya lafiya take na kawo wannan ba, miliyan 5 ɗin ma abin kuka ne. Na kawo ne don jin nan da kike yi cewa babu abin da ke canzawa ji ne kawai, lissafi bai goya masa baya ba.

Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wannan. A wani bincike da Deborah Small da George Loewenstein da Paul Slovic suka wallafa a 2007, an nuna wa mutane hoton wata yarinya 'yar shekara bakwai daga Mali mai fama da yunwa, suka ba da taimako. Wasu aka ba su alƙaluman miliyoyin mayunwata, suka ba da ƙasa da haka. Abin mamakin shi ne rukuni na uku, da aka nuna musu yarinyar tare da alƙaluman: taimakonsu ya ragu idan aka kwatanta da waɗanda suka ga yarinyar kaɗai. Tunawa da waɗanda ba za ka iya ceta ba yana kashe maka gwiwar ceton wanda za ka iya. Yarinyar ba ta rage buƙata ba don akwai wasu miliyoyi, zuciya ce ke yi mana wannan kuskuren lissafi, shaiɗan kuma ya samu ƙofa.

Malaman fiƙihu sun daɗe da warware wannan da suka raba farilla gida biyu. Akwai farali ainin, wanda ke kan kowa da kansa, akwai farali kifaya, wanda ke kan al'umma a dunƙule, in wasu sun tsaya masa yadda ya wadatar ya sauka daga kan saura. Ciyar da mayunwaci, kuɓutar da wanda aka tsare bisa zalunci, jinyar marasa lafiya, tsayawa gaban azzalumi, duk a wannan gida na biyu suke. Ma'anarsa ba a taɓa nufin mutum ɗaya ya ɗauke su duka ba. Amma farali kifaya yana komawa aini a kan wanda babu mai iya abin sai shi, ko wanda abin ya faɗo a gabansa. To a nan amsar "ta ina zan kama" take. Wane zalunci ne ke kusa da ke, wanda kike da ilimi ko matsayi ko sanayyar da za ta taɓa shi, wanda in kin kau da kai da wuya wani ya duba? Shi ne rabonki. Ba a tauna taura biyu, balle goma.

Ina son ki tsaya ki kalli Hilful Fudul da kyau, domin ana yawan ambatonsa a gurguje. Kimanin shekara ashirin kafin annabci, wani ɗan kasuwa daga ƙabilar Zubaid ta ƙasar Yaman ya kawo haja Makka. Al-As bin Wa'il, babba cikin Ƙuraishawa, ya karɓi kayan ya hana kuɗin. Baƙon ya zagaya manyan gari, kowa ya kau da kai, don ba mai son ɓata da Al-As saboda mutumin da ba shi da dangi a garin. Sai ya hau dutsen Abu Ƙubais da fitowar rana, lokacin da Ƙuraishawa ke zaune a kewayen Ka'aba, ya ɗaga murya ya faɗi abin da aka yi masa cikin waƙa. Zubairu bin Abdulmuɗɗalib ya miƙe. Aka taru a gidan Abdullahi bin Jud'an, Banu Hashim da Banu Zuhra da Banu Taim da wasunsu, suka yi rantsuwa za su zama hannu ɗaya tare da duk wanda aka zalunta a Makka, ɗan gari ne ko baƙo, har a mayar masa da haƙƙinsa. Daga nan suka nufi gidan Al-As suka karɓo wa mutumin kayansa. Annabi yana saurayi ya halarta, bayan annabci kuma ya ce ba zai musanya wannan zaman da jajayen raƙuma ba, kuma da za a kira shi zuwa irinsa a Musulunci da ya amsa.

Makkar lokacin cike take da zalunci: bauta, binne 'ya'ya mata, riba, yaƙin ƙabilanci. Waɗannan mutane ba su ce sai sun gyara duka ba. Akwai wanda aka zalunta da sunansa, akwai wanda ya yi zaluncin da sunansa, akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa, akwai abin da za a karɓo a san an gama. Daga ƙara ɗaya kuma suka kafa abin da ya daɗe. Shekaru da dama bayan haka, a zamanin Mu'awiya, da gwamnan Madina Walid bin Utba ya so danne wa Husaini bin Ali wata dukiya, Husaini ya ce zai tsaya a masallaci ya yi kira da sunan Hilful Fudul, Abdullahi bin Zubair ya ce zai amsa, gwamnan ya saki.

Bari in sauko da wannan ƙasa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen da ke gidajen yari a duniya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke. In kin ɗauki wannan a matsayin "matsalar duniya" zai danne ki. Amma ɗauki mutum ɗaya. An kama shi kan ƙaramin laifi, alƙali ya ba da beli, babu mai tsaya masa, danginsa ba su ma san inda yake ba. Abin da ake buƙata shi ne cikakken sunansa, lambar ƙararsa, kotun da ta tura shi, da ranar da aka ɗage zaman. Sai wani ya je wurin rajistara ya duba ko fayil ɗin na nan, wani ya nemo ɗan'uwansa, lauya ɗaya ya yarda ya rubuta takardar neman a saurari ƙarar. Za a ɗage, mai gabatar da ƙara ba zai zo ba, za a ce alƙali ya tafi hutu. A koma. Ranar da ya fito, ki rubuta yadda aka yi. In kun yi ashirin irin wannan, kun san ainihin inda igiyar ke ɗaurewa, a ofishin wa fayil ke kwana, kuma a lokacin ne maganarku gaban hukuma za ta yi nauyi, domin da sunaye da ranaku kuka zo, ba da kuka ba. Haka abin yake in haƙƙin leburori kika zaɓa, ko gadon marayu da zawarawa, ko yaran da aka cire daga makaranta.

Wannan ne ma bambancin sadaka da tsayar da adalci, kuma masu addini mun fi sakin jiki da ta farkon. Kai wa fursuna sabulu sadaka ce mai lada. Tambayar dalilin da ya sa ya shekara uku ba a kai shi gaban alƙali ba, ita ce ke jawo ɓacin rai, ita ce kuma Suratun Nisa'i aya ta 135 ke nema da ta ce a tsayu da adalci ko da a kan kai ne ko iyaye ko dangi. Sadaka ba ta da abokin gaba. Adalci yana da shi, wani lokaci ma a sahun gaba yake sallah.

Kada kuma ki yi shi ke kaɗai. Yawancin waɗanda na ga sun ƙone a wannan hanya su ne masu ɗaukar komai a kansu. Mutane sun san Martin Luther King da jawabansa, amma ƙauracewar motocin haya da baƙar fata suka yi a Montgomery ta Amurka, daga Disamba 1955, kwana 381 ta ɗauka, kuma ba jawabi ne ya riƙe ta ba. Mutane dubbai ne ke buƙatar zuwa aiki kullum ba tare da bas ba. Sai coci-coci suka tsara motoci kusan 300 na masu sa kai, da wuraren ɗauka da saukewa, da masu karɓar kuɗin mai, da taron addu'a a kai a kai don kada gwiwa ta yi sanyi. Buƙatunsu na farko ma ƙanana ne ƙwarai: direbobi su daina wulaƙanci, wanda ya riga shiga ya riga zama, a ɗauki baƙaƙen direbobi. A ƙarshen 1956 Kotun Ƙoli ta soke wariyar a motocin gaba ɗaya. A Laberiya a 2003 mata Kirista da Musulmi ne suka haɗu cikin fararen kaya suna zaman dirshan da addu'a, suka bi masu sulhu har Accra suka tare ƙofar zauren, aka sa hannu kan yarjejeniya a watan Agusta. Na kawo misalan waɗanda ba addininmu ɗaya ba da gangan. Hilful Fudul mushrikai ne suka ƙulla shi, Annabi kuma ya yabe shi. In dai a kan mayar da haƙƙi ne, wanda ya zo a tafi tare.

Ki kuma shirya wa tsawon tafiya. Mutum 12 suka kafa ƙungiyar yaƙi da cinikin bayi a Landan a 1787, tara daga cikinsu 'yan wata ɗariƙar Kiristoci da ake kira Kwaka. A 1791 majalisa ta kayar da ƙudurinsu da ƙuri'a 163 a kan 88. Sai 1807 aka haramta cinikin, sai 1833 aka soke bautar kanta a yawancin ƙasashen da Ingila ke mulka. Ko a nan nasarar da tabonta, don fam miliyan 20 na diyya iyayengijin aka biya, bayin ba su ga ko kwabo ba. Da yawa cikin waɗanda suka fara ba su ga ƙarshen ba.

Yanzu hutun da kike jin kamar cin amana ne. A 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam, Herbert Freudenberger, ya bayyana abin da ya gani a jikin masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta a New York: waɗanda suka fi kowa himma su ne suka fara lalacewa. Alamomin da masana suka tsayar daga baya uku ne, gajiyar da barci ba ya kore ta, bushewar zuciya ga mutanen da kake yi wa hidima, da jin cewa aikinka ba shi da amfani. Kin ambaci biyu da bakinki. Haushin da kike ji na masu zaman lafiyarsu kuwa ki sa masa ido sosai, don daga nan jiji da kai ke shigowa, mutum ya fara ganin shi kaɗai ya damu da al'umma. Ba ki san abin da wancan ke ɗauke da shi ba, wataƙila jinyar mahaifiyarsa ce rabonsa na wannan farilla.

Annabi ya shiga masallaci ya ga igiya ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu, aka ce ta Zainab ce, in ta gaji da tsayuwar dare sai ta riƙe. Ya ce a kwance ta, mutum ya yi sallah gwargwadon kuzarinsa, in ya gaji ya zauna. In an faɗi haka a kan sallah, ina ga taron ƙungiya? Salmanul Farisi ya gaya wa Abud Darda'i cewa Ubangijinsa na da haƙƙi a kansa, ransa na da haƙƙi, iyalinsa na da haƙƙi, Annabi ya ce Salman ya yi gaskiya. Mai fafutukar haƙƙin mutanen duniya da 'ya'yanta ba sa samun fuskarta ta tauye wani haƙƙin don ta biya wani. Ki ware ranar da ba kya amsa kiran aiki, ki koya wa wata abin da kike yi don ya ci gaba in ba kya nan. In kuma rashin barci, ko rashin cin abinci, ko yanke ƙauna ya wuce mako biyu bai sake ki ba, ki ga likita. Wannan ba ya cin karo da addu'a.

Saura na nesa, Gaza da Sudan da sauransu, don ban ce ki manta da su ba. Suna da haƙƙi uku a kanki. Na farko addu'a, kuma akwai yadda Annabi ya yi ta. Lokacin da wasu raunanan Musulmi ke tsare a Makka ba shi da ikon fito da su, ya riƙa ƙunuti yana kiran sunayensu: Walid bin Walid, Salama bin Hisham, Ayyash bin Abi Rabi'a. Bayan kisan mahaddata a Bi'iru Ma'una ya yi ƙunuti wata guda, sannan ya bari, ya ci gaba da sauran al'amuran Madina. Na biyu dukiya: ki yanke wani kaso da za ki iya ɗorewa a kai duk wata, ki ba ƙungiyar da ke wallafa rahoton kuɗinta kuma take da ma'aikata a wurin, maimakon duk asusun da aka turo miki a WhatsApp. Na uku harshe: ki faɗi gaskiyar da kika tabbatar, kada ki tura hoto ko bidiyon da ba ki san asalinsa ba, domin ƙarya ɗaya da aka kama tana zubar da mutuncin gaskiya goma. Kallon bidiyon gawarwaki har tsakar dare ba ya cikin ukun nan, ba ya kuma ƙara wa kowa komai a can. Ki sa wa labarai lokaci sau ɗaya a yini, daga kafa ɗaya ko biyu da kika amince da su, kuma kada ya zama kafin sallar asuba ko bayan kin kwanta.